Ungulun da Ta Hau Trotro

A Kumasi, duk wanda ya manyanta zai gaya maka cewa da can ungulaye sun fi kaji yawa. Kan rufin kasuwa, bakin mayanka, bayan gidajen abinci, ko'ina suna tsugune kamar masu jiran a raba gado. Yanzu sai ka yini kana yawo ba ka ga ko ɗaya ba. In ka tambayi dalili, amsa a shirye take a bakin mutane, har da waɗanda suka yi karatu: 'yan zongo, wato unguwar Hausawa, su ne suka ƙarar da su, suna yanke kawunan suna haɗa magani. Babu wanda ya ƙirga tsuntsayen lokacin da suke da yawa, babu wanda ya ƙirga kawunan da aka sayar. Amma maganar ta zauna daram, don tana da daɗin faɗi, kuma ba ta taɓa mai faɗinta.

Wannan maganar ce Nasiba ta tashi ta ƙaryata a gaban malamai da ɗalibai, ranar da aka yi taron sashen nazarin halittu. Digiri na biyu take yi a jami'a, a fannin da ake ɗaukar dabba ɗungurungum a karanta ta, ba guntu-guntu ba: jininta, cikinta, fiffikenta, inda take kwana, da garin da take neman abinci a cikinsa. Ita ungulu aka ba ta. Wani malami ya gama jawabi ya rufe da zancen 'yan zongo, sai Nasiba ta ɗaga hannu.

"A zongo aka haife ni," in ji ta. "Ba mu ne muka ci su ba. Yunwa ce. An rufe mayanka da gini, an daina zubar da tumbi a fili, jini na bin bututu. Tsuntsayen da nake aunawa duk ramammu ne. Maganin da ake ta faɗa, a unguwarmu babu shi."

Aka yi mata tafi. Dakta Afriyie, matar da ke duba aikinta, ba ta tafa ba. Ta dai dube ta ta saman tabarau ta ce, "Kin yi magana mai nauyi. Ki tabbata tsuntsayenki za su iya ɗaukarta."

Abin da mutanen jami'a ba su sani ba shi ne, wannan yarinyar mai baki a taro, a gida bakinta a rufe yake. Gwaggonta ce ta raine ta tun tana goye, Mma Barakatu mai waakye, wato shinkafa da wake, a unguwar Dichemso, wadda mutane ke layi a rumfarta tun kafin rana ta yi zafi. Ita dai ta san 'yarta na karatu mai zurfi.

"Wai me kike karantawa ne da ba ya ƙarewa sam koraa?"

"Tsuntsaye, Mma."

"Irin su aku?"

"Har da su."

Nan zancen yake tsayawa kullum. To ta yaya za ta faɗa? Gidan da abinci ne sana'arsa, a ji cewa 'yar gidan tana rungumar mai cin mushe a ƙirjinta? Ranar da unguwa ta ji, wa zai ƙara miƙo kwanonsa? Kuma ungulu ba ta da kirki in an kama ta. Makaminta amai ne, ta kwararo maka duk ruɓaɓɓen da ta ci, warin ya bi ka har cikin gashi. Don haka duk ranar kamu, Nasiba takan yi wanka a makaranta da sabulun salo, ta sauya kaya, ta kulle takalman roba a kabad, ta fesa turare, sannan ta hau trotro, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa gida tsaf kamar ma'aikaciyar banki. A makaranta ba ta zancen gida. A gida ba ta zancen makaranta. Duk addu'arta kada Allah ya haɗa su.

Cikin 'yan ƙalilan ɗin tsuntsayen da ta ɗaura wa na'ura akwai wata tsohuwa da suka kama ranar Alhamis a wani ƙaramin mayanka da ke bayan unguwar Sofoline. Abokin karatunta Kwabena ya sa mata Yaa, sunan 'yar Alhamis a yarensu. Nasiba ta ce a'a, a bakin mahautan zongo take ci, Lami ce. Ta ɗauki alƙalami mai kauri ta rubuta sunan a bayan na'urar. Na'urar kuwa ba ta fi kwalin ashana ba, ana goya ta a bayan tsuntsu, tana cin hasken rana, tana tara wuraren da ya je, in ta samu hanya ta turo su kwamfuta a dunƙule, su fito ɗigo-ɗigo a kan taswira.

Nasiba ta san Lami fiye da yadda ta san 'yan uwanta. Ta san nauyinta, ta san tabon da ke ƙafarta ta hagu, ta san itacen da take kwana a Kwadaso. Ta san fatar fuskarta a tsirara take, fara-fara, kuma in ranta ya tashi sai ta yi jawur nan take, ba ta da abin ɓoyewa. Sau da yawa Nasiba takan gode wa Allah da ya yi ta baƙa mai mayafi, fuskarta ba ta tona ta.

Ana saura 'yan makonni ta kare kundinta a gaban malamai, ɗigon Lami ya tsaya cak. Ba a Kwadaso ba, ba a mayanka ba. Nasiba ta matso da taswirar kusa, ta ga rufin kwano a jere a wani lungu bayan kasuwa. Ta san lungun. Kowa a zongo ya san shi: layin masu maganin gargajiya, inda ake shanya fatu da ƙahonni da abubuwan da ba a tambaya. Ta rufe kwamfutar. Ta gaya wa kanta cewa wataƙila akwai juji a bayan rumfunan, Lami ta samu abinci. Daga nan na'urar ta yi shiru gaba ɗaya. Da Dakta Afriyie ta tambaya, sai ta ce mata batir ne, damina ce, rana ba ta fitowa sosai.

Cikin kwanakin nan ne ta fito wanka wata safiya ta tarar da Mma Barakatu zaune a bakin gadonta da allura, jakar makarantarta a cinya.

"Mma, me ya samu jakar?"

"Babu abin da ya same ta. Na ɗinke miki abu a ciki, na jarrabawarki ne. Ki bar shi inda yake. Kada ki buɗe, kada ki nuna wa kowa."

Nasiba ta sa hannu ta lalubo. Laya ce, sabuwar fata, ɗinkin baduku, amma ta fi waɗanda ta saba girma da tauri. Tun tana firamare ba ta taɓa shiga jarrabawa ba tare da an ba ta rubutu ta sha ba. Ta ɗauka ayoyi ne aka ninka da yawa. Mutane na zaton mai boko ba ya ɗaukar laya. Da za a zazzage jakunkunan da ke shiga ɗakin jarrabawa na kowace jami'a, na masu salla da na masu zuwa coci, da an sha kallo. Ta ce, "Na gode, Mma, Allah ya saka," ta rataya jakarta ta fita. A ranta ma ta ji sanyi.

Ranar taron mako na ɗakin bincikensu, suna zaune su kaɗan, Dakta Afriyie ta haska taswira a bango. Kwabena ne ke riƙe da kwamfutar.

"Ei! Madam, Yaa ta farka! Ga saƙonta ya shigo."

Nasiba ta zuba wa bangon ido. Tana raye ke nan. Ta ji hawaye na son zubo mata, ta gyara zama.

Ɗige-ɗigen suka fara fitowa. Daga lungun kasuwa suka yi Dichemso, suka taru a wuri guda. Sannan suka miƙe. Amma ba irin miƙewar tsuntsu ba, wanda ba ruwansa da titi. Waɗannan kan kwalta suke bi. Sun sha kwana inda titi ya sha kwana. Sun zagaye shataletale. Sun cunkushe inda motoci ke cunkushewa.

"Tsaya," in ji Kwabena, dariya na cin sa. "Chale, abokaina, wannan tsuntsuwar trotro take hawa. Ku duba, nan tasha ce. Ta sauka, ta jira, ta sake hawa wata. Ko an ba ta canjinta?"

Aka fashe da dariya. Nasiba ma ta buɗe baki, amma dariyar ba ta fito ba.

"Ina ta nufa?" in ji Dakta Afriyie.

Kwabena ya bi layin da yatsa. Ya shige ƙofar jami'a. Ya bi ta gefen filin ƙwallo. Ya tsaya a kan rufin ginin da suke zaune a ciki. Da yamma ya koma Dichemso. Washegari ya dawo. Haka, haka, har safiyar ranar.

"Ta samu gurbin karatu," in ji Kwabena. "Wallahi ta fi ni zuwa aji." Ba musulmi ba ne, amma duk Kumasi ta iya wallahi.

Jakar tana ƙasa, jingine da ƙafar Nasiba. Ta ji kamar an ɗora mata garwashi a idon sawu. Girman layar. Taurinta. Lungun kasuwa. Ba ta bukatar wani ya haɗa mata su.

Dakta Afriyie ba ta yi dariya ba. "Tsuntsuwar ta mutu," in ji ta. "Wani ne ke yawo da na'urar, kuma yana shigowa ginin nan. Kwabena, matso mini da inda take kwana."

Taswirar ta buɗe. Ga titin Dichemso, ga masallacin kwana, ga gida mai tsakar gida murabba'i. A ƙofarsa ga shuɗiyar tamfol ɗin da Nasiba da kanta ta taya ɗaurawa a kan rumfar waakye.

"Gobe zan kai wa jami'an kula da namun daji wannan," in ji Dakta Afriyie. "Su je gidan su tambaya."

Nasiba ta hango su a zuci. Mota a ƙofar gida, maza cikin kaki, masu layin abinci riƙe da kwanoni suna kallo, Mma Barakatu da ludayi a hannu ana yi mata tambaya da Turanci. Za ta iya yin shiru ta fita ta jefa layar a kwata. Na'urar za ta mutu a can, amma taswirar ta riga ta nuna gidan.

Ta sunkuya ta ɗauko jakar ta ɗora a kan tebur. Ba ta dubi kowa ba. Ta jawo 'yar wuƙar da suke fiɗar samfuri da ita, ta farke ɗinkin Mma, ta ciro layar, ta tsaga fatar. Jan zare ya warware. Wani toka-tokan gari ya zubo daga ƙullin takarda. Sai guntun baki, lanƙwasasshe, wanda ta taɓa aunawa da hannunta. Sai na'urar. Ta kife ta. Ga rubutunta: Lami.

Kwabena ya sauke hannunsa daga kwamfutar a hankali, ya rasa inda zai sa ido.

"Ku ba mu wuri," in ji Dakta Afriyie. Da suka fita ta ja kujera ta zauna. "Wa ya ba ki?"

"Uwata, wadda ta raine ni."

"Kin san abin da ke ciki?"

"Ban sani ba, Madam. Amma na ga inda ɗigon ya tsaya tun farko. Na san lungun. Ba batir ba ne."

"Na sani. Na duba batirin ranar da kika faɗa." Ta ɗauki guntun bakin ta juya shi a tafin hannu. "Ita uwar taki ta san waɗannan tsuntsayen naki ne?"

"Ba ta san ungulu nake karantawa ba."

Dakta Afriyie ta cire tabarau. Wannan ya fi ba ta mamaki fiye da layar. "Duk tsawon lokacin nan?"

Nasiba ta gyaɗa kai.

"To ji nan. Ba zan tura kowa gidanku ba. Amma wannan layin da ya hau trotro zai shiga kundinki yadda yake, tare da bayanin yadda aka yi. Tsuntsuwa ɗaya ba ta rushe aikinki ba. Sauran har yanzu ramammu ne, kuma ina ganin kina da gaskiya a kan yunwar. Wancan malamin bai ƙirga komai ba kafin ya yi magana. Amma ke ma kin ce babu, kuma ba ki ƙirga ba. Ke za ki tsaya a gaban mutanen da suka tafa miki ki gyara."

"To, Madam."

"Kwashe wannan ki tafi gida. Ba ni ce wadda ya kamata ta fara jin wannan labarin ba."

Ta iske Mma Barakatu a tsakar gida bayan la'asar, tana wanke karan dafin da za ta dafa waakyen gobe da shi, ruwan ya yi ja a cikin baho. Nasiba ta durƙusa ta shimfiɗa tsagaggiyar layar a kan tabarma.

"Innalillahi! Kin buɗe? Ban ce kada ki buɗe ba? Kin karya shi, 'yar nan!"

"Mma, ina kika samo?"

"Ina ruwanki da inda na samo?" Ta leƙa ƙofa, ta rage murya. "Wurin Awalu mai magani. Kan ungulu na buɗe ƙwaƙwalwa, kowa ya sani, tana hango abu tun daga nesa. Ya kawo mini wani busasshe na ce ba na so. Sai ya ce akwai wasu a mayankan Sofoline, ungulayen boko, Turawa sun goya musu akwatin ilimi a baya. Na ce to ai jarrabawar jami'a ce, ba ta allo ba, mai akwatin nake so, kuma a haɗa da akwatin. Ya sha wuya kafin ya same ta. Wayo gare ta sosai paa."

"Ba Turawa ba ne, Mma."

"To su wa?"

"Ni ce. Ni na goya mata. Ita nake karantawa. Su nake kamawa, in auna su, in ɗebi jininsu, in sake su. Ba aku ba ne. Ungulu ce, tun farko."

Mma Barakatu ta tsame hannu daga bahon. Ta dubi fuskar Nasiba, sannan ta dubi hannayenta, ta daɗe tana dubansu.

"Da waɗannan kike taya ni zuba wa mutane abinci?"

"Ina wankewa, Mma. Ina sa safar roba."

"Mai cin mushe."

"Ita ce ke kwashe abin da zai sa mu ciwo. Cikinta na kashe—" Ta tsaya. Ba lokacin darasi ba ne. Ta kife na'urar ta nuna rubutun. "Sunanta Lami."

"Har suna gare ta?"

"Ranar Alhamis muka kama ta."

Tsohuwar ta zauna daɓas a kan kujerar tsugunne. Ta ja bakin zanenta ta rufe baki. Da ta yi magana, muryar ba irin wadda ake ji daga rumfa har bakin titi ba ce.

"Wato abin da kike raino na sa aka yanka. Na ɗinke miki gawarsa a jaka, kika kai wa malamanki." Ta girgiza kai. "Sun gani?"

"Sun gani. Har gidan nan sun gani, daga sama."

"Wayyo ni Barakatu. Ina salla, ina azumi. In liman ya ji na je wurin Awalu, da wane ido zan dube shi?" Sai kuma ta juyo da zafi. "Ke kuma da kin faɗa mini!"

"Da na faɗa, me za ki ce?"

"Da na yi faɗa. Da na yi kuka, na ce kin tozarta ni. Da na yi kwana da kwanaki ban amsa gaisuwarki ba." Ta share ido da gefen hannu, ruwan karan dafi ya bar mata ja a kunci. "Amma da ba a yanka ta ba."

Can Mma ta tashi ta tattara garin da guntun bakin a cikin fatar, ta tona rami a gindin bishiyar lemun da ke bayan madafa, ta binne. Na'urar ta goge ta da zanenta ta miƙa wa Nasiba da hannu biyu, kanta a ƙasa.

Nasiba ta kare kundinta. Da ta haska layin da ya bi kwalta, wasu sun yi dariya, malamin nan na taro ya gyaɗa kai kamar wanda aka biya wa bukata. Ta faɗi abin da ya faru ba ta rage ba, ta ce a unguwarsu akwai shi, a gidansu ma. Sannan ta nuna nauyin sauran tsuntsayen, ta ce yunwar ma tana nan. Ba a tafa sosai ba. Ta ci jarrabawar.

Na'urar Lami aka goya wa wata matashiyar ungulu da suka kama da sassafe a mayankan. Ita ma ta yi abin da suka saba, ta wanke Nasiba da amai daga ƙirji har gwiwa. Nasiba ta goge abin da ya gogu. Ta tsaya a ƙofar wurin wankan makaranta da sabulun salo a hannu, ta daɗe a tsaye. Sannan ta mayar da shi jaka.

A trotro mutane suka yi ta matsawa suna buɗe taga. Ta sauka a Dichemso da takalman roba har gwiwa, lokacin layin waakye bai watse ba. Hajiya Safiatu ta gidan gaba, wadda ba a yin labari a unguwar ba da ita ba, ta toshe hanci da mayafi.

"Subhanallahi, me ya mutu a nan? Nasiba, ke ce? Daga ina haka kamar mahauci?"

Nasiba ta buɗe baki, amma Mma Barakatu ta riga ta. Ba ta ɗago daga tukunyar ba.

"Daga aiki take. Ungulu take karantawa a jami'a. Kama su take yi."

"Ungulu? Da hannunta?"

"Da hannunta."

Hajiya Safiatu ta dubi kwanon da aka riga aka zuba mata. Ta ajiye shi a kan benci a hankali, ta ce ta tuna ta bar abu a wuta. Wata mata ta bi bayanta. Sauran suka tsaya, suna duban juna, kowa na jiran ya ga abin da na gabansa zai yi.

Mma ta ɗauko kwanon daga kan bencin. Ta juye waakyen Hajiya Safiatu a kwanon mai bi mata, ta ƙara masa taliya.

"Ke kuma kin tsaya kina kallona," in ji ta, har yanzu ba ta ɗago ba. "Wuce ki yi wanka. Ki cuɗa sosai. In kin gama ki zo ki karɓe ni, bayana ya gaji."